Tsakanin "meto" da "metiro" akwai gadon asibiti



Makonni uku da suka wuce mun je duba wani dattijonmu a asibiti, ɗaya daga cikin 'yan goron da suka haura shekara 30 a garin nan. Ba za mu ambaci sunansa ba, haka sunan asibitin da na kemis ɗin da abin ya faro, don ba tonon silili ne ya sa muka ɗauki alƙalami ba. Shi da bakinsa ya ce mana a ba da labarin, ko wani ya ji ya kiyaye.

Dattijon yana da ciwon suga. Ya daɗe yana shan wata farar ƙwaya, ɗaya da safe ɗaya da yamma, kuma da ita yake zaune lafiya. Abin da aka rubuta a jikin kwalinta shi ne metformin, amma a bakinsa sunanta "meto", haka duk gidan suka san ta. Ranar da ta ƙare, ɗansa da ya saba sayo masa ya tafi Arewa wajen biki. Sai ya kira jikansa, yaro ɗan shekara 14, ya ba shi kuɗi da saƙon baki: "Je ka kemis ka ce a ba ka meto na wata guda." Yaro ya je wani kemis na bakin titi, ga ƙarar janareto, ga hon ɗin motoci, ya faɗi abin da aka ce ya faɗa. Mai kemis ya ji "metiro", wanda shi ne gajeren sunan da suke kiran metronidazole da shi, maganin nan da muka fi sani da Filajil. Ya ƙirga ƙwayoyi ya zuba a 'yar leda, ya ja layi ɗaya na safe ɗaya na yamma, bai rubuta suna ba. Waccan fara ce, wannan ma fara ce. Dattijo bai ga abin tambaya ba.

Kwana 16 ya yi yana shan maganin cutar ciki a maimakon maganin suga. Ya ji bakinsa yana wani ɗanɗano kamar ya tsotsi ƙarfe, ya ce kamfani aka canja. Ƙishirwa ta dame shi, ya riƙa kashe ta da lemon kwalba mai sanyi, wanda ga mai suga ƙara wa wuta fetur ne. Fitsarin dare ya hana shi barci, idonsa ya soma hazo, har ranar da aka tashe shi da asuba ya kasa miƙewa. A asibiti wata nas ce ta nace sai an kawo mata abin da yake sha. Aka kawo ledar da ba suna. Ta kai wa mai haɗa magani na asibitin, ya duba tambarin da ke jikin ƙwayar, nan aka gano inda gizo ke saƙa. Kwana 6 dattijo ya yi a kwance ana ƙarin ruwa da allurar insulin, kuma abin da aka kashe ya fi kuɗin maganinsa na shekara guda.

Muna zaune a bakin gadonsa wani matashi cikinmu ya yi dariya ya ce, "Baba, ai da ka koyi faɗin sunan daidai da ba a yi haka ba." Mun san da wasa ya faɗa, amma maganar ta tsaya mana a rai, domin ita ce fassarar da yawancinmu za mu yi wa lamarin: Bahaushe bai iya Turanci ba, shi ya jawo wa kansa. Mu dai ba mu yarda da wannan fassarar ba, kuma muna ganin in aka tsaya a kanta, gobe ma sai an sake kwantar da wani.

A duba yadda bakinmu yake. Hausa ba ta raba sautin "p" da na "f", ba ta da "v", kuma ba ta son baƙaƙe su cunkushe wuri guda ba wasali a tsakaninsu. Ta wannan hanyar ce muka samu asibiti da likita da tiyata, kuma ba wanda ya taɓa cewa kakanninmu sun yi kuskure da suka lanƙwasa kalmomin nan suka dace da harshensu. Ta hanyar ce dai Panadol ya zama fanado, Septrin ya zama saftirin, Flagyl ya zama Filajil, aka samu taifot da olsa da afendis. Maƙwabtanmu Yarabawa da Ibo kowa da inda nasa harshen ke karkata, duk wanda ya zauna a layin asibiti a kudu ya ji da kunnensa. Su kansu masu Turancin ba su daidaita ba. Maganin da Ingila ke kira paracetamol, a Amurka acetaminophen ake ce masa. Abin shaƙar masu asma da muka sani da salbutamol, can albuterol ne. Dama sunayen nan ba Turancin uwa ba ne ga kowa, ƙirƙirarsu aka yi daga sunayen sinadarai da guntayen Latin da Girkanci. Hukumar Lafiya ta Duniya ce ke fitar da sunan bai-ɗaya na kowane magani, tun 1953 take wannan aiki.

To ina matsalar take? A ganinmu tana wajen yanke wutsiya. Bahaushe in suna ya yi masa tsawo sai ya ɗauki kai ya bar sauran, kamar yadda Abubakar ke komawa Abu, Muhammadu ya koma Mamman. A kan mutane wannan ba komai, kowa ya san Abun gidansu. A kan magani kuwa, sau da yawa ɓangaren da muke yarwa shi ne mai ɗauke da bayanin. Masu raɗa sunayen sun tsara su ne ta yadda ƙarshen suna zai nuna dangin magani. Wanda ya ƙare da "pril", kamar lisinopril, na hawan jini ne. Wanda ya ƙare da "dipine", kamar amlodipine da nifedipine, shi ma na hawan jini ne amma daga wani dangin. Mai "olol" yana rage gudun bugun zuciya. Mai "cillin" ɗan gidan fenisilin ne. Mu kuma mun saba da "amlo" da "sifro" da "dikulo", mun bar wa mai kemis ya cike gurbin da tunaninsa.

Ku ɗauki "meto" ɗin dattijonmu. Da wannan guntun suna akwai metformin na suga, akwai metronidazole da aka ba shi, akwai metoclopramide na amai, akwai metoprolol mai rage bugun zuciya, akwai kuma methotrexate, wanda ake ba masu wasu cututtukan daji da masu wani irin ciwon gaɓoɓi. Shi wannan na ƙarshe ga masu ciwon gaɓoɓi sau ɗaya ake shan sa a mako, kuma an sha samun waɗanda suka rasa ransu don sun sha shi kullum bisa kuskure. Da muka ji wannan daga bakin mai haɗa maganin, sai muka gane dattijonmu da sauran shan ruwansa ne, domin cikin biyar ɗin bai faɗa kan mafi muni ba.

"Kuloro" ma haka take, ko ma ta fi. Tsofaffinmu in sun ce kuloro, kulorakwin na zazzaɓin cizon sauro suke nufi, wanda tun 2005 Najeriya ta sauke shi daga matsayin maganin farko saboda ƙwayar cutar ta daina jin sa. Amma a kan kantar kemis akwai chloramphenicol da ake ɗiga wa ido, akwai chlorpheniramine wato Piriton na ƙaiƙayi da mura, akwai chlorpromazine na masu taɓin hankali, akwai chlorpropamide mai sauke suga. Biyun ƙarshen nan ko a rubuce sai an zura ido. In aka ba mai taɓin hankali, wanda sugansa lafiya lau, maganin sauke suga ya yi ta sha, sugan zai faɗi har ya suma, danginsa kuma su ce ciwon nasa ne ya tashi, ko su ce iska ce, a nufi wajen mai ruƙiyya alhali cokalin sukari da gaggawar zuwa asibiti yake buƙata. Kama da wane ba ta wane, in ji Hausawa.

Kada wani ya ɗauka wannan ciwon marasa boko ne. A Amurka, inda likita da nas da mai haɗa magani duk da Turanci suka tashi, an yi ta rikita Losec na gyambon ciki da Lasix mai sa fitsari, har a 1990 hukumar kula da magunguna ta ƙasar ta sa aka canja wa na farkon suna ya koma Prilosec. A 2016 an sake irin haka: Brintellix na ciwon damuwa ya koma Trintellix saboda ana rikita shi da Brilinta, mai hana jini daskarewa. A can ne kuma aka fito da dabarar rubuta ɓangaren da ya bambanta sunaye biyu da manyan baƙaƙe, don ido ya faɗa kansa tun kafin hannu ya ɗauka. A watan Maris na 2017 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙaddamar da gangami na musamman kan kurakuran ba da magani, ta ƙiyasta asarar da suke jawowa a duniya da dala biliyan 42 a kowace shekara. Waɗanda suka ƙirƙiro sunayen ke nan ba su amince wa kunnensu ba. Mu da muke zaune a garin da ba da harshenmu ake magana a asibiti ba, mene ne hujjarmu ta aika yaro da saƙon baki?

Akwai wata al'adar tamu da ta fi yanke wutsiya haɗari, ita ce kiran magani da launinsa. "Ba ni ja da yalo." "Ba ni ja da baƙi." "Ƙaramin fari ɗin nan na hawan jini." Launin kafso zaɓin kamfani ne kawai. Kamfani biyu za su yi magani ɗaya da launi daban-daban, kuma magani biyu da ba su haɗa komai ba za su fito da riga iri ɗaya. Ƙaramin fari kuwa, rabin abin da ke kemis ƙaramin fari ne.

Juyin wannan shi ne magani ɗaya mai suna da yawa. Mutum yana jin zazzaɓi da mura, ya sha fanado biyu, ya ƙara da farasitamol biyu don a ganinsa wani magani ne daban, ya kawo maganin mura ya ɗora, alhali yawancin magungunan muran nan da farasitamol a cikinsu. Iyakar abin da babba mai lafiya zai sha a yini guda giram 4 ne, wato ƙwaya 8 masu miligiram 500, a rarrabe. Wuce haka hanta yake ci, kuma ba ya nuna alama da wuri. Haka mai olsa da zai ce shi ba ya shan asfirin tunda likita ya hana shi, amma kullum da ƙullin Alabukun a aljihunsa, bai san asfirin ne da sinadarin kafin a ciki ba.

Sunayen cututtuka ma suna da nasu tarkon, kuma a nan mu mazauna kudu abin ya fi shafa. A Kano ko Sakkwato in mace ta ce wa malamar asibiti tana fama da sanyi, an gane inda ta dosa, za a tambaye ta ƙaiƙayi da fitar ruwa da zafin fitsari. A nan kuwa sai a nemo tafinta, wani lokaci ɗan acaɓan da ya kawo ta, wani lokaci ɗanta na cikinta, ya juya "sanyi" zuwa kalmar Turanci mai nufin mura. Kunya ba za ta bar ta ta gyara masa a gaban ɗanta ba. Ta koma gida da maganin tari, ciwon yana nan yana cin ta. "Shawara" a bakinmu ta haɗa rawayar idon jariri da ciwon hanta da zazzaɓi mai sa ido rawaya, kowanne kuma da hanyar da ake bi da shi. "Basir" ya zama buhun da muke zuba duk abin da ya shafi bayan gida da kasala da ciwon baya. "Ciwon zuciya" yana iya zama ƙwannafi, yana iya zama baƙin ciki, yana iya zama wanda ke kashewa cikin sa'a guda. Shawararmu ga mai zuwa asibiti ita ce ya bar sanya wa ciwonsa suna. Ya faɗi abin da yake ji, a ina, tun yaushe, me ke tayar da shi, ya nuna wurin da hannu. Sanya suna aikin likita ne. Mata kuma a daure a samo musu mace 'yar'uwarsu ta yi musu tafinta.

Akwai wasu kalmomi biyu na asibiti da a bakin Bahaushe suke fita kamar "haifa" da "haifo". Ta farko tana nufin abu ya hau fiye da kima, ta biyu tana nufin ya faɗi ƙasa, ko suga ne ko jini. Wasali ɗaya ne tsakaninsu, amma abin da za a yi wa mai ɗayan shi ne zai ƙarasa mai ɗayan. Wanda sugansa ya faɗi yana rawar jiki da gumi da ruɗewa, abu mai zaƙi yake buƙata nan take. Wanda nasa ya hau, zaƙin ne abokin gabarsa. In za ku kira wani a waya ku ba da labarin majinyaci, ku faɗa da Hausa, ya hau ko ya sauka, ku karanto lambar da na'urar ta nuna. A wannan wurin harshenmu ya fi Turanci tsaro. Haka wajen ƙidaya: 15 da 50 a Turanci kusan sautinsu ɗaya, balle ta waya, amma ba mai rikita sha biyar da hamsin. Ga mai allurar insulin, tazarar da ke tsakanin lambobin nan biyu ta isa ta kai shi kushewa.

Wani wurin da rashin sanin suna ke cutarwa shi ne maganin da jiki ba ya karɓa. Nas za ta tambaya ko akwai maganin da ya taɓa yi maka illa, sai ka ji an ce, "E, wani fari ne, na sha jikina ya yi ta ƙuraje, leɓena ya kumbura." Wannan amsa ba ta taimaki kowa ba. Misali, saftirin da Fansidar duk suna da sinadarin salfa. Wanda saftirin ya taɓa sa wa ƙuraje da saɓar fata, Fansidar na iya yi masa abin da ya fi haka, kuma Fansidar ɗin ne ake ba masu juna biyu a wajen awo don kare su daga zazzaɓin cizon sauro. Duk wanda magani ya taɓa yi wa haka, ya sa a rubuta masa cikakken sunan a takarda ya ajiye tare da katin asibitinsa, ya kuma sanar da iyalinsa, don ranar da za a buƙaci bayanin wataƙila shi ba ya iya magana.

Yanzu bari mu juyo kan 'ya'yanmu da ƙannenmu masu aikin jinya da masu koyonsa, waɗanda muke alfahari da su, muna kuma roƙon iyaye su ƙara tura wasu. Uzurin da muka ba dattijo ba za mu ba ku shi ba. Shi majinyaci ne, ku kuwa sunan magani kayan aikinku ne, kamar awo ga tela. Likita zai ba da umarni ta waya da tsakar dare, ko ta bayan takunkumin fuska a ɗakin tiyata. Mai sauka daga aiki zai miƙa wa mai hawa bayanin majinyata 20 yana sauri ya samu mota. A irin wannan yanayi ne hydralazine, da ake yi wa mai cikin da jininta ya hau sosai, ke rikiɗewa ya zama hydroxyzine na ƙaiƙayi. A nan ne ceftriaxone da cefotaxime ke zama abu ɗaya a kunne, alhali jaririn da ke da shawara ana kauce wa ba shi na farkon. A nan ne miligiram da maikurogiram ke haɗewa, kuma ɗaya ya ninka ɗaya sau 1,000. Abin da ake koyarwa a makarantun jinya kan wannan ba sabo ba ne: a rubuta umarnin, a maimaita wa mai ba da shi, a jero baƙaƙen sunan in akwai shakka, a faɗi lamba ɗaya bayan ɗaya, a kuma haɗa da ciwon da ake ba da maganin dominsa. Abin da muke roƙo shi ne a yi shi ko da babba zai ɗaure fuska.

Ba cewa muke ku koma magana ta hanci kamar 'yan Landan ba. Nas ɗin da ta ce "farasitamol" da "f" ɗinta na Hausa ba ta cuci kowa ba, don babu wani maganin da za a ɗauka take nufi. Wadda ke haɗiye rabin suna don kada a ji ta yi kuskure, ita ce abin tsoro. Kuma mun lura dariya ce ke haifar da irin wannan. Ɗaliba ta tashi a aji ta karanta suna harshenta ya sarƙe, aka kwashe da dariya, wani ma ya ɗauka a waya ya watsa. Daga ranar ta koyi darasi, amma ba wanda ake so ba: ta koyi yin ƙasa da murya, ta koyi gunguni, ta koyi kada ta sake tambaya. Malaman da ke barin ana haka a ajinsu su sani suna yaye ma'aikatan da za su ji kunyar cewa "ban ji ba, a maimaita". Gyara a yi shi, a karya sunan gaɓa-gaɓa a maimaita har ya zauna, amma ban da tozarci.

Mun san halin da ma'aikatan jinya ke ciki. A farkon 2024 hukumar da ke yi wa nas-nas da ungozomomi rajista a Najeriya ta ce sama da 42,000 sun bar ƙasar cikin shekara 3. Waɗanda suka rage aikin mutum uku ke kan kowannensu, ga albashin da bai taka kara ya karya ba. Wanda ya ga layin da nas ɗaya ke fuskanta da safe ba zai yi mamakin gajen haƙurinta ba. Duk da haka, gaya wa majinyaci sunan abin da za a tsira masa da amfaninsa bai kai minti ɗaya ba, kuma majinyacin da ya san abin da ake ba shi ido ne na biyu ga ma'aikaci. Wanda ya ce, "Malama, jiya ba wannan aka ba ni ba," taimako ya yi, bai kamata a daka masa tsawa ba. Mu ma kada mu manta nas ce ta ceto dattijonmu, da nacinta na sai ta ga ledar.

Sai 'yan'uwanmu masu kemis, don da yawa a unguwannin Hausawa namu ne, da masu yawo da magani a faranti cikin tasha da kasuwar shanu, rana tana dukansa. Doka ta bambanta kantin da ke da ƙwararren mai haɗa magani da ƙaramin kemis mai lasisin sayar da magungunan yau da kullum, kuma maganin suga da na hawan jini da na farfaɗiya ba na sayarwa da ka ba ne, da takardar likita ake ba da su. Mun san yadda abin yake a zahiri, ba mu zo yin wa'azin da ba mai ji ba. Amma abu biyu ba za su rage muku ciniki ba. In an zo da suna a baki, ku tambaya na wane ciwo ne kuma wa zai sha. Da mai kemis ɗin nan ya yi wannan tambaya, yaron zai ce na sugan kakana ne, magana ta ƙare. Sannan duk abin da kuka ƙirga kuka zuba a leda, ku rubuta cikakken sunansa da ƙarfinsa a jiki. Layi biyu da kuke ja yana gaya wa mutum yaushe zai sha, bai gaya masa me yake sha ba.

Wasu za su ce yawancin dattawanmu da matanmu ba su karanta boko, rubutun me zai amfana musu? Ai ba su za su karanta ba. Tsohon kwali ko katin ƙwayar da aka gama ɓallewa, shi ne takardar aike. A miƙa wa mai kemis a ce irin wannan, a karɓa a haɗa da tsohon a gani ko baƙaƙen da lambar sun yi daidai, wanda ko yaro ɗan firamare zai iya. Gani ya kori ji. Wanda ke da waya mai kyamara ya ɗauki hoton kwalin gaba da baya ya ajiye, ya tura wa ɗansa ko matarsa. Wanda ya iya ajami ya rubuta wa kansa a jikin kwalin, na suga, na hawan jini, safe, dare. Mun ga masu yin haka kuma yana yi musu aiki. Kwalin yana da wani amfanin: a jikinsa ne lambar rajistar NAFDAC take da ranar da maganin zai lalace, abubuwan da ƙwayar cikin leda ba ta zuwa da su. Gaskiya ne sayen na ƙirge ya fi sauƙi ga mai ƙaramin ƙarfi, ba ma musun wannan. In ya zama dole, a sa mai kemis ya nuna gwangwanin da ya ɗebo daga ciki, a gwada sunan da na tsohon kwali.

Wasu kuma sun kawo shawarar a fassara sunayen magunguna zuwa Hausa kowa ya huta. Niyyar mai kyau ce, amma ba mu goyi baya ba. Sunan da ke jikin kwali shi ne abu ɗaya da likitan Ibadan da na Fatakwal da na Makka za su gane in ciwo ya kama mutum a hanya. In muka raɗa namu, mun ƙara suna na uku a kan biyun da ke rikita mu. Abin da ya kamata a mayar Hausa shi ne bayani: na mene ne, sau nawa, kafin abinci ko bayansa, me za a gani a dawo asibiti da gaggawa, yaya za a yi da shi in azumi ya zo. Wannan kuwa aikin 'ya'yanmu ne da suka yi karatun, kuma muna fata su riƙa ba dattawan unguwa lokacinsu ko da na zaman bayan la'asar ne, a kawo ledojin magani a baje a duba.

Dattijonmu ya koma rumfarsa. Da muka je gaishe shi shekaranjiya ya zaro katin asibitinsa daga aljihun gaba, ya ɗaure shi da kyauro tare da tsohon katin ƙwayar da ba ko ɗaya a ciki. Har yanzu "meto" yake ce mata, kuma ba mu ga dalilin hana shi ba. Wanda ya fi ba mu tausayi jikan ne. Tun da abin ya faru yaron ya daina zuwa rumfar, uwarsa ta ce ko abinci ba ya ci sosai, yana ganin shi ya kusa kashe kakansa. Da maganin sallama ya kusa ƙarewa, ɗan dattijon ya ce shi zai je ya sayo. Dattijo ya ce a'a, a kira masa yaron. Ya miƙa masa kuɗi da tsohon katin, ya ce ya je babban kantin magani na kusa da asibiti, ya ba su wannan, in sun ɗauko sabon ya ɗora shi a kan tsohon ya karanta baƙaƙen ɗaya bayan ɗaya kafin ya biya.